Yara Sun Daɗe Suna Mulkin Yara, Malam

Na karanta maƙalar Malam a kan shirin da wasu makarantu suka fara na horar da ɗalibai su riƙa sasanta 'yan uwansu idan rigima ta tashi, na kuma ga yadda aka yi ta yaba masa. Ban yi mamaki ba, don ya sosa wa iyaye inda yake musu ƙaiƙayi. A taƙaice cewa ya yi yaro yaro ne, ba a ɗora shi a kujerar alƙali. Shirin kayan aro ne da ƙungiyoyin waje suka shigo da shi don su sami abin rubutawa a rahoto. Kuma duk ranar da ɗalibi ya fara raba gardama, kwarjinin malami ya zube ke nan. Ya rufe da abin da ya faru a makarantar kwana ta gwamnati da ke Bichi a watan Yulin 2025, inda ɗalibai biyu suka rasa rayukansu a hannun 'yan uwansu ɗalibai, ya ce ga sakamakon sakar wa yara ragama. Na koyar a makarantar kwana, na riƙe ɗakin kwanan yara, saboda haka ina da ta cewa. Da Bichin nan zan fara.

Ba a zaman sulhu yaran nan suka mutu ba, Malam. Abin da rahotanni suka kawo shi ne wasu ɗalibai ne suka zarge su da laifi, suka yanke musu hukunci, suka zartar da hannunsu. Wannan ikon ba ƙungiyar agaji ce ta ba su ba. Irinsa gado ne da ake miƙawa daga siniya zuwa siniya, kowace shekara masu fita su bar wa masu shigowa. Misalin da Malam ya ɗauko don ya rushe shirin sulhu, shi ne babbar hujjar masu neman a kafa shi.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san abin da nake nufi. Ana tashi daga karatun dare, a kaɗa ƙararrawar barci, malamin da ke duti ya zaga sau ɗaya da tocila ya koma gidansa, in ma a cikin makarantar yake kwana ke nan. Daga nan har asuba gwamnati ta koma hannun 'yan aji shida. Su ke cewa wa zai ɗebo ruwa, wa zai wanke kayan wa, wa zai miƙo madararsa da garin kwakinsa, wa zai yi tsallen kwaɗo daga ƙofar ɗaki har bakin famfo. Idan sabulu ya ɓace, su ne 'yan sanda, su ne masu gabatar da ƙara, su ne alƙalai, su ne kuma masu dorina. Yaron da aka gwale ya san idan ya kai ƙara ofis, malami zai yi faɗansa na ɗan lokaci ya tafi, shi kuwa da waɗanda ya kai ƙara zai riƙa kwana har ƙarshen zango. Sai ya haɗiye, ya jira shekararsa ta zo ya fanshe a kan ɗan wani. A makarantar jeka-ka-dawo ma ba ta sauya zani ba. Ga monita da tsumagiyarsa da takardar sunayen masu surutu, wadda abokinsa ba ya taɓa shiga. Rigimar da aka fara a aji kuwa a hanyar gida ake ƙarasa ta, wani lokaci har da gayyato yayyen unguwa.

To, tambayar da Malam ya yi, wai shin ya dace a ba yara iko a kan yara, ta makara da shekaru masu yawa. An riga an ba su. Mu malamai muka ba su, domin ba za mu iya kasancewa a ɗakin kwana da banɗaki da layin abinci da filin ƙwallo a lokaci ɗaya ba. Mun naɗa su, mun kira sunayensu a gaban taron safe, mun kau da kai daga sandar da suka riƙe. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne mu zaunar da su mu koya musu abin da ake yi idan mutum biyu suka zo kowa yana huci. Kayan aiki ɗaya tak suka gani a hannunmu, shi suka ɗauka.

Batun aro kuwa, a nan ne na fi jin Malam ya kwana da sani. Tsarin da yake karewa, na shugabannin ɗalibai masu ikon horo, shi ne ainihin kayan aron. Daga makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila ya fito. Thomas Arnold, wanda ya shugabanci makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842, shi ya yi suna wajen miƙa ragamar tarbiyyar ƙananan ɗalibai ga 'yan ajin ƙarshe, har da ikon duka, sauran makarantu suka kwaikwaya. Da Turawan mulki suka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta wuce Zariya a 1949, ta zama Barewa da muka sani, a kan wannan salo suka gina ta, makarantun midil da sakandaren gwamnati suka bi sahu. Masu kayan ma sun daɗe da yar da wani sashensa. Makarantar Eton ta soke al'adar ƙaramin ɗalibi ya zama baran babba a 1980. Majalisar Birtaniya ta hana duka a makarantun gwamnati da dokar 1986, makarantun kuɗi na Ingila suka shiga cikin hanin a 1999. Mu ne muka riƙe abin gam, har muna kiransa tarbiyyar gargajiya.

Ba na musun cewa siffar shirin da ake kawowa yanzu daga Amurka ta fito. Wasu mabiya ɗariƙar Quaker ne suka fara koya wa yaran makarantun birnin New York hanyoyin warware saɓani a 1972, sannan a farkon shekarun 1980 wata cibiyar sasanta maƙwabta a San Francisco ta shigar da abin cikin makarantu, inda ake horar da wasu yara su riƙa shiga tsakani a filin wasa. Ƙasar New Zealand ta fara nata a 1991. To sai me? Baƙin allo da alli da ƙararrawa da jarrabawar WAEC, wanne ne kakanninmu suka ƙera? Kuma siffar ce kaɗai baƙuwa. Sulhu kansa ɗan gida ne. Kafin magana ta kai gaban alƙali sai ta biya ta zauren mai unguwa, ta wurin dagaci, ta wurin limami, kuma mafi yawanta a nan take mutuwa. A Kano an kafa Zauren Sulhu a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, kuma wanda ya taɓa leƙa ofishin Hisba ya san babban abin da ke cika shi shi ne sasanta ma'aurata da masu bashi. Kotunan zamani ma sun gaji da tarin shari'u: Legas ta buɗe sashen sasanto a babbar kotunta a 2002, Kano ta bi bayanta.

Malam zai ce ai waɗannan duk manya ne. Haka ne, amma garuruwanmu ba su taɓa barin matasa ba shugaba daga cikinsu ba. Samari suna da sarkinsu, 'yan mata suna da tasu shugabar. Su ke shirya aikin gayya da wasan kalankuwa bayan kaka, su ke cin tarar wanda ya ƙi fita, su ke kashe rigimar dandali kafin ta kai kunnen dattawa. A Nijar har gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da tsarin Samariya bayan 1974, ta jingina ayyukan gari a kansa. A tsangaya gardi ne ke kula da kolo da titibiri idan alaramma ya tashi. Ba ina cewa gardin nan mala'ika ba ne, shi ma bulalarsa na rataye a kafaɗa. Nufina dai kada a ce mana ɗora wa matashi nauyin ɗan uwansa baƙon abu ne a ƙasar nan.

Sai maganar da ta fi nauyi a maƙalar, cewa yaro ba shi da hankalin da zai yi alƙalanci. Na yarda, kuma ba wanda ya nemi ya yi. Mai sulhu ba ya yanke hukunci, ba ya cewa wane ne mai gaskiya, ba ya cin tara, ba ya duka. Bari in nuna wa Malam yadda abin yake a aikace, daga makarantar da na koyar, inda muka gwada shi a ɗakunan 'yan ƙaramar sakandare.

Wani yaro ya ranci kuɗin awara a wurin abokinsa, ya ce zai biya ranar ziyarar iyaye. Ranar ta zo ta wuce shiru. Mai kuɗi ya ɗauke takalmin mai bashi ya kulle a akwati ya ce jingina ce. Mai bashi ya tashi a gaban aji ya kira shi ɓarawo. Kafin a ankara yaran garin wannan sun ja layi, na garin wancan sun ja nasu, ana ta aika saƙon a haɗu bayan masallaci in an yi isha'i. Ɗalibai biyu da muka horar suka kira su ɗakin karatu, kowa ya zauna a benci, ni ina can nesa ina duba takardu. Sharaɗin da suka fara kafawa shi ne ba zagi, ba katse magana, kuma wanda bai so zaman ba yana iya tashi a kai maganar ofis. Mai takalmi ya fara. Bai yi nisa ba ɗayan ya zabura, ɗaya daga masu sulhun ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya mana, bai gama ba. Kai ma za a ba ka." Da ya gama, sai aka juya ga mai kuɗi aka ce, "Kafin ka faɗi naka, maimaita mana abin da ka ji ya ce." A nan abin ya fara sanyi, don da wuya mutum ya maimaita maganar abokin faɗansa daidai yana kan tafasa. Can da aka tambayi mai bashi me ya hana shi biya, ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya ce ba wanda ya zo masa ranar ziyara. Kunya ce ta hana shi faɗa, sai ya riƙa ɓuya. Mai kuɗi kuwa ashe kuɗin ba su dame shi ba kamar kalmar ɓarawo da aka jefe shi da ita a gaban mutane. Su da kansu suka tsara mafita: takalmi ya koma yau, bashi a biya kaɗan-kaɗan, kalmar nan kuma a janye ta a gaban ajin da aka faɗe ta. Aka rubuta a littafi, kowa ya sa hannu.

Da ofis aka kai maganar, abin da za a yi sananne ne. Bulala ga wanda ya ɗauki takalmi, bulala ga wanda ya yi zagi, a ce su gaisa, a kore su aji. Ba malamin da zai ji labarin ranar ziyara, domin yaro ba ya buɗe wa mai riƙe da sanda irin wannan cikin. Haɗuwar bayan masallaci kuma tana nan daram.

Tunda Malam ya jingina da addini wajen cewa ba a dogara da maganar yaro, ina tuna masa wata mas'ala da ya sani ya fi ni. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ana karɓar shaidar yara a kan junansu a sha'anin rauni, muddin ba su watse ba kuma babba bai shiga tsakaninsu ba. Tana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da ake karantawa a zaurukanmu, kuma Muwaɗɗa ta kawo cewa Abdullahi ɗan Zubairu ya yi hukunci da ita. Dalilin da malaman fiƙihu suka bayar shi ne manya ba sa halartar wuraren da yara ke taruwa su kaɗai, in aka ƙi maganarsu haƙƙoƙi za su salwanta. Duba sharaɗin nan na biyu da kyau. Abin da suka ji tsoro shi ne babba ya shigo ya karanta wa yaro abin da zai faɗa. Fiye da shekara dubu da suka wuce malamanmu sun gane akwai duniyar yara da idon manya ba ya kaiwa, suka yi mata tanadi. Mu da muka tara ɗaruruwan yara a gini ɗaya muka kashe fitila, mu ne ke cewa ba mu buƙatar tanadi.

Akwai inda nake tare da Malam, kuma a nan zan fi shi zafi, don masu tallan shirin ba sa son a faɗa. Ba kowace rigima ake sasantawa ba. Saɓani tsakanin tsara biyu daban, zalunci daban. Idan ɗan aji shida ya mai da ɗan aji ɗaya bawansa, ko gungun 'yan mata suka sa wata a gaba kullum da habaici da wariya, to zaunar da su a benci ɗaya a ce kowa ya faɗi laifinsa ƙarin zalunci ne. Wanda aka zalunta ba shi da rabin laifin da zai amsa. Zai ce ya yafe don tsoro, a tashi, a jira shi a waje. Dan Olweus, masanin da ya jagoranci binciken cin zali a makarantun Norway bayan da wasu yara uku suka kashe kansu a 1982 har gwamnati ta ƙaddamar da yaƙi da abin a 1983, shirin da ya kafa ya yi gargaɗi ƙarara cewa kada a yi amfani da sulhun ɗalibai a kan cin zali, domin ƙarfi bai zo ɗaya ba. A 2011 Maria Ttofi da David Farrington na Jami'ar Cambridge suka tattara sakamakon bincike 44 a kan shirye-shiryen yaƙi da cin zali. Sun tarar shirye-shiryen suna rage abin da kusan kashi 20 cikin ɗari, amma waɗanda suka jingina aikin a kan ɗalibai, har da sulhun tsara, an ga alaƙarsu da ƙaruwar waɗanda ake zalunta. Wannan sakamako ne da ya kamata kowane shugaban makaranta ya sani kafin ya karɓi shirin.

Mu kuma muna da tamu cutar da za ta ƙara dagula lamarin, wato "a yi haƙuri". Mun iya danne mai rauni da wannan kalma. Matar da aka kumbura wa fuska a ce ta yi haƙuri ta koma, marayan da aka cinye wa gado a ce ya bar wa Allah. Idan wannan muka koya wa yara da sunan sulhu, gara a bar su yadda suke. Fiƙihun da na ambata ɗazu shi ma ya yi iyaka, bai halatta sulhun da zai kai ga haram ba. Saboda haka darasin farko da za a koya wa ɗalibi mai sulhu shi ne gane abin da ba nasa ba. Duka mai rauni, makami, ƙwace, ƙwaya, duk abin da ya shafi lalata, zagin addini ko ƙabila, da kowace ƙara tsakanin siniya da juniya, waɗannan kai tsaye ofis, a ranar, kuma kai su ba gulma ba ce, aikinsa ne. Wannan kaɗai riba ce babba. A yau yaron da ya ga ana shirya wa wani gwale-gwale da dare ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba tare da an kira shi munafuki ba. Makarantar da ke da ɗalibai da kowa ya san an ɗora musu wannan nauyi ta buɗe ƙofar. Amma kuskuren amfani da magani a inda ba a ce ba, ai ba ya nuna maganin ba shi da amfani. Mafi yawan abin da ke cinye lokacin malami ba cin zali ba ne. Biro ne, bokiti ne, wurin zama ne, "an ce ka ce" ne, yanzu kuma hoton da wani ya tura a WhatsApp lokacin hutu aka dawo da fushinsa makaranta. Waɗannan ƙananan ne ke girma idan aka bar su.

Wa za a zaɓa ya zama mai sulhu? A nan makarantu da yawa suke faɗuwa, kuma da a nan Malam ya kai sukarsa da ya same su. Sai a ɗauko hedboi da yaran da ke zama layin gaba, waɗanda malamai ke so, a rataya musu baji. Sauran ɗalibai kuwa kallon 'yan leƙen asiri suke musu. Akwai binciken da ya haska wannan. A shekarar karatu ta 2012 zuwa 2013, Elizabeth Levy Paluck ta Jami'ar Princeton da abokan aikinta suka yi gwaji a makarantu 56 na jihar New Jersey, masu ɗalibai sama da 24,000. Ba malamai suka tambaya su waye yaran kirki ba. Ɗaliban suka tambaya, kowa ya rubuta waɗanda ya fi zama da su, daga nan aka gano yaran da idon sauran ke kansu. A rabin makarantun aka tara ƙaramin rukunin ɗalibai, aka bar su su faɗi irin rigimar da ta addabi makarantarsu su kuma tsara yadda za su yaƙe ta da bakinsu. A cikin shekara ɗaya rahoton rigima tsakanin ɗalibai ya ragu da kimanin kashi 30 cikin ɗari, kuma raguwar ta fi yawa a inda rukunin ya ƙunshi yaran nan masu faɗa a ji. Wannan ba zaman sulhu ba ne irin wanda na kwatanta, jagorancin tsara ne, amma darasin ɗaya ne. Indunusiya, ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne, ta ɗauki tsarin tare da UNICEF ta baza shi a makarantunta. Kowane malami ya san yaron da nake nufi a ajinsa: ba ya cin na ɗaya, wani sa'in ma shi ne ɗan bayan aji mai tsokana, amma in ya ce a bari, an bari. Ko mun naɗa shi ko ba mu naɗa ba, shugaba ne. Gara yana namu.

Sharaɗi ɗaya nake ƙarawa daga abin da na gani: kada mutum ɗaya ya haɗa sanda da sulhu. Wanda ke da ikon sa yaro noma ko wankin banɗaki ba za a gaya masa gaskiya ba. Kuma a ɗauko masu sulhu daga kowane aji, su biyu-biyu, kada a tura wa yaro abokin ɗaya daga masu rigimar ko ɗan garinsu.

Kwarjinin malami fa? Ina girmama Malam, amma ina jin ya daɗe bai shiga ajin makarantar gwamnati ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. Ajin da ya haura ɗari ba baƙon abu ba ne a biranenmu, kuma ba don nishaɗi gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 ba. Malamin da ke da minti arba'in, ya kashe goma a kan wanda ya zauna a wurin wani, ya yanke hukunci cikin fushi ba tare da ya ji kowa ba, ya daki mai gaskiya tare da marar gaskiya, shi ne kwarjininsa ke zubewa, don yara sun san wanda aka zalunta ko ba su faɗa ba. Sarki ba ya raguwa don mai unguwa ya kashe rigimar kwata. Malamin da ƙananan ƙararraki suka daina zuwa teburinsa ya sami sararin tsayawa a kan manya, kuma ranar da ya kira yaro ofis, yaron ya san magana ta girma.

Mafitar da Malam ya kawo ita ce a ƙara malaman kwana da masu kula da ɗakuna, a tsananta sa ido. Ina goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma shirin sulhun da ba shi da babba tsaye a bayansa wasan yara ne. Amma ko an ninka malaman, ba za a sa ɗaya a kowane gado ba.

Saura zargin cewa abin na masu tallafi ne, kuɗi na ƙarewa ya mutu. Wannan ya faru, na ga allunan kulob-kulob da rana ta cinye a bangon makarantu, an ci taron buɗewa an raba riguna an watse. Laifin namu ne da muka ɗauka sai da riga da kuɗin zama ake sasanta yara. Abin da aikin ke ci shi ne malami ɗaya mai haƙuri da aka rage wa darasi, zama ɗaya a mako da masu sulhu don a ji abin da ya gagare su, benci biyu a wurin da ba a leƙe, da littafi mai bango mai ƙarfi. Ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta za su iya ɗaukar wannan ba tare da rubuta wa kowa takardar roƙo ba. Horarwar ma ba sai an ɗauko wani daga Abuja ba. Mai unguwar da ya shekara yana raba masu rigimar iyakar gona ya san yadda ake sa mutum ya yi shiru ya saurara, a gayyato shi ya nuna wa yara.

Littafin nan kuma yana da wani amfani da ba mu yi tsammani ba. Da aka duba namu a ƙarshen zango, sai aka ga kaso mafi tsoka na rigingimun daga wuri ɗaya suke tasowa, a lokaci ɗaya: bakin famfo, tsakanin sallar asuba da ƙararrawar karin kumallo, lokacin da ɗakuna duka ke rububin ruwan wanka. Shugaban makaranta ya raba wa ɗakunan lokacin ɗiba, ya sa aka gyara famfo na biyu da ya daɗe a mace. A zango na gaba shafukan da aka cika ba su kai na baya ba, kuma yawancinsu bashi ne da ƙwallo.